Makunnin roka: ƙaramin abin da girmansa ke raba tashi da fashewa

A daren 31 ga Disamba mutanen Biafra da ke Treichville ba sa buƙatar tikiti kafin su kalli wasan wutar sabuwar shekara. Bakin tafkin Ébrié kawai za su fito, Plateau na tsallake, sama ta cika da tartsatsi. A cikin lunguna kuma yara na fasa nasu ƙananan abubuwan fashewar, waɗanda Faransanci ke kira pétard, duk da cewa hukumomin Côte d'Ivoire sun sha fitar da sanarwar hana sayar da su da amfani da su a ƙarshen shekara. Daga cikin waɗannan yara akwai waɗanda suka girma suna kallon bidiyon masu harba rokokin sha'awa a Amurka da Turai, kuma ba wuya tunani ya zo wa mutum cewa tsakanin pétard da roka taki ɗaya ne, musamman ga wanda ya san hanyar Black Market ta Adjamé inda waya da batir da kayan lantarki suke a yalwace.

Takin ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi nuna nisan kuwa shi ne ɓangaren da ya fi kowane ƙanƙanta a jikin roka, wato makunni, abin da ke cinna wa injin wuta. Faransanci na ce masa allumeur ko inflammateur.

Rokar sha'awa da ajujuwanta

Rokar sha'awa roka ce da ɗalibai ko masu son kimiyya ke haɗawa da kwali, roba ko zaren gilashi, su harba ta sama, ta buɗe laima ta sauko a sake amfani da ita. Harkar ta samu tsari a Amurka a 1957, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, lokacin da G. Harry Stine da Orville Carlisle suka kafa ƙungiyar da aka sani yau da NAR. Dalilin kafa ta yana da muhimmanci ga wannan batu. A waɗannan shekarun samari na cusa haɗe-haɗen sinadarai cikin bututun ƙarfe a bayan gida, suna rasa yatsu da idanu, wasu ma rayukansu. Maganin da aka kawo shi ne masana'anta ta ƙera inji da makunninsa, yaro ya ƙera sauran jikin rokar. Wata ƙungiyar, Tripoli, wadda ta samo asali a 1964, ita ce daga baya ta fi shahara wajen manyan rokoki.

Ana auna ƙarfin inji da jimillar turin da yake bayarwa daga kamawarsa zuwa mutuwarsa, da ma'aunin niyutan-sakan, kuma an raba injina da haruffa. Ajin A ya tsaya a 2.5, kowane harafi na gaba kuma yana ninka na bayansa: B ya kai 5, C ya kai 10, har zuwa G da ya tsaya a 160. Daga H, wanda ke tsakanin 160 da 320, aka shiga abin da ake kira manyan rokokin sha'awa. Lambar da ke bin harafin, kamar a H128, matsakaicin turin injin ne. A Amurka ba a sayar wa mutum injin H ko I sai ya ci jarrabawar mataki na 1, wato ya harba roka ya dawo da ita lafiya a gaban shaidu. Mataki na 2 ya ƙunshi J da K da L kuma akwai rubutacciyar jarrabawa a ciki. Mataki na 3 na M da N da O ne. Injin O guda na iya ɗaukar ƙarfin ƙaramin injin A fiye da sau dubu goma sha shida.

Yadda makunni yake aiki

Makunnin lantarki wayoyi biyu ne da aka haɗa bakinsu da wani siririn zaren ƙarfe mai tsananin zafi idan wuta ta ratsa shi, irin ƙarfen da ke cikin risho na lantarki ko dutsen guga. An lulluɓe zaren da wani haɗi mai saurin kamawa. Idan aka danna maɓalli daga nesa, wutar batir ta bi waya, zaren ya yi ja, haɗin ya kama, shi kuma ya watsa zafi da garwashi a cikin injin.

Duk wanda ya taɓa hura gawayin shayi ya san ashana ɗaya ba ta kunna gawayi kai tsaye. Sai an bi ta takarda, daga takarda zuwa ƙirare, sannan gawayi ya kama. Haka abin yake a inji. Ƙananan injina, daga A zuwa D, yawanci da albarushi aka matse cikinsu, irin dangin wanda 'yan bindiga ke ɗurawa ranar hawan salla a Katsina ko Zariya, kuma shi da ɗan tartsatsi ya kama. Manyan injina kuwa makamashinsu daskararre ne mai kama da robar goge rubutu, dangin wanda ke cikin manyan rokokin da suka riƙa ɗaga Ariane 5 daga Kourou. Wannan makamashin ba ya kamawa da sauƙi. Yana son zafi mai ɗorewa, yana kuma son matsi, domin saurin cinsa yana ƙaruwa ne gwargwadon yadda matsin cikin injin ya hau. A fili, ba tare da matsi ba, a hankali yake ci. Idan aka rufe shi a kwanso mai ƙaramar mafita, sai ya zama abin da ke ɗaga roka.

Makamashin na da rami a tsakiyarsa daga sama har ƙasa, a ƙasan kuma akwai bututun fitar wuta mai matsattsen maƙogwaro. Ta wannan maƙogwaron ake zura makunni, a tura shi har can ƙarshen ramin na sama. Hikimar ita ce zafin da ya fito ya gangaro ya shafi bangon ramin gaba ɗaya kafin ya fita. Makunnin da ya zame ya tsaya kusa da mafita zai kunna gindin makamashin kaɗai, zafinsa ya tsere waje.

Me ya sa girma ya zama matsala

Aikin makunni biyu ne a lokaci guda: ya ɗumama fuskar makamashin har ta kama, kuma ya ɗaga matsin cikin injin zuwa inda wutar za ta riƙe kanta, duka a cikin ƙasa da sakan ɗaya. Kuskure ta kowane ɓangare yana da nasa sakamakon.

Idan makunnin ya yi ƙanƙanta, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ya ƙone injin bai kama ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne kamawar rabi da rabi. Wani sashe na makamashin ya kama, matsi ya ɗan hau, ya faɗi, ya sake hawa, injin ya riƙa tari yana fitar da hayaƙi a kan sandar harbi. Masu kallo kan ɗauka abin dariya ne, alhali nan haɗarin yake. Rokar na iya zamewa daga sandar ba tare da saurin da fikafikanta ke buƙata don su daidaita ta ba, ta kwanta, sannan injin ya kama da cikakken ƙarfinsa tana fuskantar mutane. Akwai kuma jinkirin kamawa, inda komai ya yi tsit kamar ya mutu, mai roka ya taso ya duba, wutar da ke ci a ɓoye ta tashi yana tsaye a kai. Saboda wannan ne dokar NAR ta ce bayan makunni ya ƙi, a cire mabuɗin na'urar harbi, a jira sakan 60 kafin kowa ya matsa.

Idan kuma ya yi yawa, matsin farko kan wuce abin da kwanson injin zai iya ɗauka. Ko murfin sama ya fice, ko bututun ƙasa ya tsage, ko bugun ya fasa makamashin kansa. Tsagewar makamashi ita ce mafi sharri, domin kowace tsaga sabuwar fuska ce da wuta za ta ci, ƙarin fuska ƙarin matsi ne, ƙarin matsi kuma ƙarin saurin ci ne, har kwanson ya tarwatse. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Akwai wani girman da sababbin shiga ke mantawa da shi, wato kaurin makunnin da wayoyinsa. Maƙogwaron injin H bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Makunnin da aka cusa da ƙyar zai fita da ƙyar, kuma idan kansa ko wayarsa ta toshe mafita ko da na ɗan lokaci kaɗan ne, injin ya zama tukunyar da aka liƙe wa baki a kan wuta. Shi ya sa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ita ce makunni ya shiga sakayau, ya bar wa iska hanya.

Abubuwan da injiniya ke dubawa kafin ya tsai da girman makunni su ne faɗin sararin da babu komai a cikin injin, yawan fuskar makamashin da za a kunna, faɗin maƙogwaro, da irin makamashin, domin wasu haɗe-haɗen sun fi wasu taurin kai. Yanayi ma yana shiga lissafi. Makamashi mai sanyi ya fi wuyar kamawa, wanda ya daɗe a ajiye kan yi ɓawon da ke hana wuta kama shi, damshi irin na Abidjan kuma yana lalata haɗin kan makunni. Ana samun jadawali da lissafe-lissafe a intanet, amma kowannensu an gina shi ne a kan wani takamaiman haɗi da wani takamaiman inji, kuma masu ƙera injina ba su tsayawa a lissafi: sai sun ɗaure injin a ƙasa, sun sa masa na'urar auna matsi, sun gwada daga bayan shinge sau da yawa. Wanda ya kwafi lamba daga bidiyo ya ɗora ta a kan garin da ya kwakwulo daga pétard bai san ƙarfin garin ba, bai san ramin injinsa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a nan kuma yatsu ake biya. Kamfanoni irin su AeroTech da Cesaroni kan haɗa yawancin injinansu da makunnin da suka riga suka gwada, don kada mai saye ya shiga wannan lissafin.

A manyan rokoki na gaske matsalar ba ta gushe ba, girma ta yi. A zamanin da kumbon Amurka mai zuwa ya dawo yake aiki, wato har zuwa 2011, kowace ɗaya daga rokoki biyun da ke gefensa takan ɗauki kusan tan 500 na makamashi, kuma makunninta shi kansa ƙaramin injin roka ne, wanda wani ƙaramin ke kunnawa, shi ma wani ƙarami ke kunna shi. Takarda, ƙirare, gawayi.

Haɗarin da ke zuwa ta waya

Makunni na iya kamawa lokacin da ba a kira shi ba, kuma wannan yana kashe mutane. Akwai nau'in da ake kira ashanar lantarki, wadda ake amfani da ita a wasan wuta irin na Plateau da kuma wajen fitar da laimar roka. Wutar da ba ta kai amfiya ɗaya ba ta isa ta tashe ta. Na'urar gwajin waya da ba a tsara ta don wannan aikin ba na iya kunna ta, haka ma wutar da jiki ke tarawa a busasshen yanayi, irin tartsatsin da mutum ke ji idan ya cire rigar sanyi da hunturu a Maradi ko Sakkwato. Gogayya da bugu ma suna tashin wasu haɗe-haɗen.

Ranar 22 ga Agusta 2003, a sansanin Alcântara na ƙasar Brazil, ɗaya daga cikin injinan rokar VLS-1 ya kama da kansa tana tsaye a dandamali, kwanaki kaɗan kafin ranar harbi. Mutum 21 suka mutu, injiniyoyi da ma'aikatan fasaha. Binciken da aka yi ya karkata ga cewa wutar lantarki ce ta kai ga makunnin injin ba da nufi ba. Waɗannan ƙwararru ne na hukumar gwamnati, da kayan aiki da horo.

Dokokin masu manyan rokokin sha'awa daga irin wannan tsoron aka tsamo su. Ba a sa makunni cikin inji sai roka na kan sandarta tana kallon sama, ko a wurin da aka keɓe nesa da jama'a. Ana murɗe bakin wayoyinsa biyu a haɗe har lokacin da za a jona. Na'urar harbi tana da mabuɗin da ake cirewa, da maɓallin da ke komawa da kansa idan an saki. Nisan tsayawa kuma a rubuce yake: kimanin mita 30 ga injin H da I da J, mita 60 ga K, mita 90 ga L, mita 150 ga M, ya haura mita 450 ga O. Duk wanda ya san yadda gidaje suka haɗa kafaɗa a Biafra ko Adjamé ya san da wuya a samu filin da ya cika waɗannan sharuɗɗan, balle wurin da rokar za ta faɗo.

Yadda ƙasashe suka bi da abin

Ga masu karatu a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, tsarin Faransa ne ya fi kusa. Bayan haɗurran da samari suka yi ta yi, gwamnatin Faransa ta hana 'yan sha'awa haɗa makamashin roka a 1962, ta ɗora wa hukumar sararin samaniyarta, CNES, alhakin kula da kulob-kulob na matasa. Ƙungiyar da aka kafa a wannan shekarar don wannan aikin ita ce ake kira Planète Sciences yanzu. Har yau ɗalibai ne ke tsara jikin roka da na'urorin cikinta da laimarta, su kawo ta taron harbi na shekara-shekara mai suna C'Space, wanda ake yi a wani sansanin soja kusa da Tarbes. Inji da makunni kuwa CNES ce ke bayarwa, ƙwararrenta ne ke sa su da hannunsa. Wasu na ganin an yi tsauri. Amma tsarin ya shekara sittin yana yaye injiniyoyi, kuma ɗalibi bai rasa komai na ilimin da ke sa roka tashi daidai ba.

A Amurka an fi sakin hannu. Tripoli na barin mambobinta da suka kai mataki na 2 su gwada injinan da suka haɗa da kansu a taruka na musamman, a fili mai faɗi, da izinin hukumar jiragen sama. A 2009 wata kotun tarayya ta ba NAR da Tripoli gaskiya a ƙarar da suka kai, aka cire makamashin manyan injina daga jerin abubuwan fashewa. Hukuncin ya tsaya a kan makamashin ne, bai shafi makunni ba. Daga wannan al'adar ne ƙungiyar CSXT ta fito, wadda rokarta ta kai kimanin kilomita 116 daga hamadar Black Rock ranar 17 ga Mayu 2004.

A Afirka sunan da aka fi ji shi ne na Jean-Patrice Keka na Kwango Kinshasa. Rokarsa Troposphère 4 ta tashi daga Menkao a Yulin 2008, ta gaba da ita kuma, Troposphère 5, ta kauce hanya ta faɗi a 2009. Ko shi da jama'arsa daji suka fita, nesa da Kinshasa. Najeriya na da cibiyar binciken injinan roka a Epe ta jihar Legas, ƙarƙashin hukumar NASRDA.

Abin da ya shafi ɗan Biafra

A Côte d'Ivoire, kamar a Nijar da Najeriya da Ghana, abubuwan fashewa suna ƙarƙashin izinin hukuma, kuma a yankin da ya sha fama da bama-baman da ake haɗawa a gida, jami'in tsaron da ya tarar da waya da batir da gari a ɗaki ba zai fara da tambayar ajin inji ba. Ga ɗan Hausawan da iyayensa ko kakanninsa suka zo daga Tahoua ko Kano, wanda a kowane shinge takardunsa ake fara dubawa, irin wannan zargin ba shi kaɗai zai shafa ba, har gidansu da unguwarsu. Ga kuma filin jirgin saman Félix-Houphouët-Boigny a Port-Bouët, 'yan kilomitoci daga Treichville. Duk abin da zai hau sama a wannan yankin ya shafi hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, da ASECNA mai kula da zirga-zirgar jirage.

Ƙofar da ke buɗe ita ce rokar ruwa. Gorar lemo ta roba mai lita 1.5, ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku, fikafikan kwali ko roba, da famfon keke. Iskar da aka matse ce ke tura ruwan ƙasa, gorar ta yi sama, bisa dokar Newton ta uku, wadda ita ce dai ke ɗaga Ariane. Duk tambayoyin da ke gaban mai babbar roka suna nan: ina nauyi ya taru, yaya girman fikafikai, yaya faɗin mafita, yaushe laima za ta buɗe. Ba ta rasa nata ƙa'idojin: ba a amfani da kwalba, ba a sa ƙarfe a hancinta, ana sakinta da igiya daga nesa, ba a leƙa ta idan an matsa mata iska. Kada kuma a raina ta. A Agustan 2015 wata tawaga daga Jami'ar Cape Town ta harba rokar ruwa ta kai mita 830.

Ɗayan ɓangaren da ba ya buƙatar ko ƙwayar albarushi shi ne na'urorin cikin roka: ma'aunin tsayi, ƙaramar kwamfutar da ke rubuta bayanai, rediyon da ke aiko su ƙasa. A nan ne mai gyaran waya na Adjamé yake da abin da ɗaliban wasu ƙasashe ba su da shi, wato hannu da ya saba da narka dalma a kan ƙananan allunan lantarki. Nan ne kuma ƙasar ta nufa. A Afrilun 2023 Abidjan ta karɓi taron NewSpace Africa, inda aka yi maganar ƙera ƙaramin tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar, YAM-SAT-CI 01, tare da babbar makarantar fasaha ta INP-HB da ke Yamoussoukro. Senegal ta riga ta harba nata, Gaindesat-1A, a Agustan 2024, kuma injiniyoyin Senegal ne suka ƙera shi bayan horo a Montpellier, sannan rokar wani kamfanin Amurka ta kai shi sama daga Kaliforniya.